Shafin da Na Tsallake

Ku duka kun tashi kuna jin labarin nan daga bakina har kun haddace shi. In aka tambaye ni abin da ya sa na daina karanta wa matan gidanmu littafi, sai in ce marubuciyar da nake so ce ta lalace, ta fitar da wani littafi wanda ko ƙosai ba zan yarda a naɗe mini a takardarsa ba. Ke Hauwa har kin taɓa maimaita wa mijinki a gabana, kina yabona, wai ni ba na karanta shirme. Na ji daɗin yabon, na yi shiru. To yanzu kai ya yi fari, ido ya fara yi mini gardama, kuma ba na son in tafi in bar muku ƙarya a cikin kayan gado. Littafin yana da laifinsa, zan kuma faɗa muku shi ba ragi. Amma laifi tudu ne, na taka nawa na hango na baiwar Allah. Ba zan ambaci sunanta ba, don ba ita ta yi abin kunyar ba. Mu dai a gida Hajiyarmu muke ce mata, ko da yake ba wadda ta taɓa ganin ko inuwarta.

Ku manyan kun san gidan tun yana gandu ɗaya, gabas da Zakirai, gonaki sun matse shi ta ko'ina har ƙofar zaure. Kakarku Iya tana tsakiya, 'ya'yanta maza kowa da sashensa, an raba da zana. A duk matan gidan ni kaɗai na gama firamare, kuma ban bar kowa ya manta da hakan ba. Da kaka, in an kwaso gyaɗa, sai mu taru ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida daga azahar zuwa la'asar, kowa da ƙwaryarta tana ɓara, ni kuwa da littafi. Hannuna bai san ɓawon gyaɗa ba a shekarun nan, su suke raba kasona su ɓare mini, ni aikina baki. Na iya kuwa. In saurayi yana magana in kauraro murya, in budurwa ce in lanƙwasa ta, in an zo wurin kuka in ja numfashi har sai na ga wata ta kai gefen zane ido. Iya takan ce duk ƙaryar 'yan birni ce, amma kullum tabarmarta sai ta ƙara matsowa, in kuma na tsaya shan ruwa ita ce ta farko da za ta ce, to daga nan sai aka yi yaya? Wata dillaliya ce, Tabawa, take kawo mini littattafan daga kasuwa a cikin ƙunshin atamfofinta, ita kuma take kai mini wasiƙa wurin direban da ke shiga birni.

Wasiƙa kam na rubuta. A bayan kowane littafi Hajiyarmu takan jera sunayen masu karatunta tana gaishe su, wance a Bacirawa, wance a unguwa kaza, ni kuwa ba abin da nake so a duniya irin in ga Dije a cikin jerin nan. Sau bakwai ina rubuta mata. Nakan kwana biyu ina gyara guda ɗaya, ina tsinto manyan kalmomi daga littattafanta ina mayar mata, tauraruwa ce, zinariya ce, sanyin idaniya ce. Duk sabon littafi ta baya nake fara buɗe shi. Sunana bai taɓa fitowa ba.

Innarku Ladi, matar Baffanku Sale ƙanen babanku, ita ce ta fi kowa kasa kunne. Ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, magana ma ba ta dame ta ba, amma in ina karatu hannunta yana aiki idonta yana kan bakina. Sashensu ne ya fi kusa da darbejiyar, zana ɗaya ce tsakani. Shi kuma Baffanku, da zarar na buɗe littafi sai a ji ya ja kujera a bayan zanar ya hau tufkar igiyar rama. Duk gidan an san sauraro yake yi, ba dai mai faɗa. Iya ce kawai takan ce igiyar da Sale ya tufka ta isa ta ɗaure awakin Zakirai kaf har da na baƙi.

Wata rana da hantsi Ladi ta shigo ɗakina, ta zauna bakin gado, ta yi ta murza bakin mayafinta.

"Yaya, so nake ki rubuta mini wasiƙa zuwa ga Hajiyarmu."

Na yi dariya na ce, "Ke ma gaisuwar kike so? Ni da na iya rubutun ma ban samu ba."

"Ba gaisuwa ba ce. Labari ne zan ba ta, ko za ta sa a littafi." Sannan ta ce, "Kin tuna shekarar da fartanyar Malam take ta karyewa?"

Wa zai manta? Daminar farko ce bayan an kawo ta. A lokacin girkin gandu zagayawa yake yi, kowace mace kwana biyu, kuma mai girki ita za ta surfa geron gidan duka a sashenta. Iya ta riga ta yanke wa Ladi hukunci, wai an kawo mata raguwa mai hannu kamar tsinke. Sai ga shi duk ranar girkinta, da hantsi, Sale ya dawo daga gona wai ƙotar fartanyarsa ta karye, ya shige sashensu neman wata. Jim kaɗan sai a ji turmi ya ɗauka, dum, dum, ba lugude ba waƙa, har ƙasa tana amsawa. Iya ta janye maganarta, ta ce ashe yarinyar nan ƙarfinta a ɓoye yake, daka take kamar namiji. Babanku kuwa faɗa ya yi ta yi wa ƙanensa, ya ce bai taɓa ganin manomin da ke cin ƙota kamar gara ba.

Ladi ta ce, "Ba ni nake surfen ba, Yaya. Shi ne."

Ashe cikin fari ne da ita, na Rabi, kuma duk sanda ta ɗaga taɓarya sai mararta ta ƙulle, har ta fara ganin jini. Kun san cikin fari, ba abin da amarya za ta buɗe baki ta faɗa wa suruka ba ne, ni kuma a lokacin ba irin facalar da ake kawo wa kuka ba ce. Shi ya lura da kansa. Bai tambaye ta komai ba, ya dawo, ya ja ƙyauren kara, ya karɓi taɓaryar daga hannunta ya nuna mata tabarma. Ita take yayyafa wa geron ruwa tana gaya masa in ya yi, shi yana surfawa, ita ta bakace a zaune. Wata uku suna haka. Da an gan shi, da ya gama shiga majalisar maza a garin nan, sai dai a riƙa nuna shi da baki ana cewa ga mijin-ta-ce. Aka haifi Rabi lafiya, fartanya ta daina karyewa, kuma daga ranar har shekara goma ba wanda ya tayar da zancen a tsakaninsu.

Na ce, "To me ya sa yanzu?"

"Ban taɓa yi masa godiya ba. In na buɗe baki sai kunya ta rufe shi. Amma in daga littafi ya fito, kina karantawa yana bayan zana, ai ba ni na faɗa ba. Zai ji, zai gane."

"In Iya ta gane fa?"

"Shekara goma ta wuce, Yaya. In an gane, a gane."

Na ɗauko takarda. Ba zan ɓoye muku ba, tun a nan abin ya fara cina. Ni na ji ƙarar turmin nan da kunnena, har na taɓa jin haushin yabon da Iya ta yi mata, ashe abin da ke bayan zanar ya fi yabon. Ban tsaya yi wa wasiƙar ado ba, na ga ba zan ɓata kalmomina masu tsada a kan labarin wata ba. Ita tana kawo shi a hargitse, ƙarshe kafin farko, ni ina miƙe shi ina sa kowane abu a gurbinsa, da Hausar da muke yi a tsakar gida. Da muka zo ƙarshe ta ce in rubuta cewa hannunsa ya saba da ƙota, amma taɓarya ta samo inda bai yi kanta ba ta tayar masa da bororo, yana ɓoyewa a aljihu.

"Ki rubuta cewa na gani. Ya ɗauka ban gani ba, na gani. Kuma duk ranar da na kalli yarinyar nan, bayan Allah shi nake gode wa."

Na rubuta, na sa sunanta a ƙasa, Tabawa ta tafi da ita. Da yamma babanku ya shigo, na ce masa don Allah ya ɗan matsar mini da turmi inuwa, bayana yana ciwo. Ya dube ni ya dubi turmin, ya ce ina yaran gidan suka shiga, ya wuce. Kada ku fahimce ni a karkace. Babanku, Allah ya jiƙansa, bai taɓa barin rumbunmu ya yi ƙasa ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, kuma da ban auna shi da ƙanensa a ranar ba da ban ga gajartarsa ba. Ni na ɗauko ma'aunin. Na kwana ina jin haushin mutumin da bai san ma an yi masa jarrabawa ba.

Sai da kaka ta sake zagayowa Tabawa ta zaro mini sabon littafi mai koren bango. Na shige ɗaki na fara ta baya yadda na saba. Babu Dije. Na juyo gaba, sai ga shafi guda cur, shi kaɗai, kafin labarin ya fara. Hajiyarmu ta sadaukar da littafin ga Ladi ta ƙasar Gabasawa. Ta ce a duk wasiƙun da ta taɓa samu babu wadda ta sa ta ajiye alƙalami ta yi kuka sai wannan, ta ce mai wannan rubutu marubuciya ce ko ba ta sani ba, kuma tana roƙon Ladi ta gaishe mata da mai taɓarya.

Na karanta shafin nan ya fi sau goma. Wasiƙa bakwai na zuba wa matar nan duk abin da na iya, ko sannu ba ta ce ba, sai guda ɗaya da na rubuta da gefen hannu ita ce ta sa ta kuka, kuma yabon ya tafi ga wadda in an rubuta sunanta a bango za ta wuce ba ta gane ba. Hannuna ne, tsarina ne, har ɗigon tawadar nawa ne. Ladi tana da mijin da ya yi mata surfe, yanzu kuma ta haɗa da shafin da na shekara biyar ina mafarki. Na ce a raina, ita komai sai ta samu? Kishi ne, 'ya'yana, tsagwaronsa, ba shi da wani suna. A lokacin dai na sa masa riga, na ce rufin asirin Sale nake yi, alhali mai asirin da bakinta ta ce in an gane a gane.

Daga nan na shiga labarin da idon mai neman laifi, kuma abin nema ya samu. Hajiyarmu ta ɗauke Sale daga gona ta mai da shi ɗan mai kuɗi a gidan bene, da mota, da turare mai suna. Wannan ban damu ba, haka take yi kullum, da can ma shi nake so. Amma da aka zo wurin turmin sai ta nuna kanta. Wai ya zuba gero a bushe ya hau surfe, ko ɗigon ruwa ba a yayyafa ba, kuma daga turmi sai tukunya, ba bakace, ba wanki, ba niƙa, sai ga tuwo a faranti. Yana dakan kuma yana zuba kalaman soyayya har shafi guda, mutumin da a gaskiya ko uffan bai ce ba. Wannan laifin littafin ne, kuma har gobe ina nan a kan bakana. Sai dai bayan wannan shirmen akwai shafi biyu da ba ta taɓa ko kalma ba. Matar ta kama hannun mijin ta juya tafin, ta faɗa masa maganar Ladi yadda na rubuta ta, tiryan-tiryan, tun daga bororon har zuwa yarinyar. A duk littattafanta babu wuri mai kyan wannan, kuma sanin hakan ne ya fi ƙona mini rai.

Aka taru ƙarƙashin darbejiya. Na buɗe littafin na haɗa bango da shafin farko a yatsa ɗaya na wuce. Kwana biyu ina karatu da murya kamar mai karanta takardar asibiti, ba kaurarawa ba lanƙwasawa, ina tsayawa ina tsaki. Matan suna duban juna. A bayan zana kuwa ana ta tufka, ana jin ƙarar rama a kan cinya. Rana ta uku muka iso turmi. Ina ganin wurin yana matsowa, kuma Allah ya sani har layin ƙarshe ina da damar in yi daidai. Da na iso sai na cire mijin na sa 'yar aiki. Na ce matar gida ba ta da lafiya, sai 'yar aikinta ta zuba gero a turmi a bushe ta hau surfe. A nan ne na dawo da muryata duka, na ja wurin, na maimaita, daga turmi sai tukunya, sai ga tuwo.

Tsakar gida ta kece da dariya. Wata har da zubar da ƙwaryar gyaɗa.

Iya ta ce, "Wannan Hajiyar taku ko ta taɓa riƙe taɓarya? Tuwon dusa za ta ba mutane?"

Ina cikin dariyar na kama takarda biyu na juya su a haɗe. Ladi kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Yaya, wa kika ce ya yi surfen?"

"'Yar aiki."

"'Yar aiki," ta maimaita a hankali, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ɓara.

Na rufe littafin na jefa shi kan tabarma. Na ce Hajiyarmu ta lalace, kuɗi sun shige mata kai, ba zan ƙara ɓata yawuna a kan wadda ba ta san yadda ake tuwo ba. Duk suka yarda, don ni ce idonsu, abin da na ce yana cikin takarda shi ne a ciki. A bayan zana na ji an ja kujera an tashi.

Ban ƙara karatu a gidan nan ba. Tabawa ta kawo na wasu marubutan na ce duk kanwar ja ce. Gaskiyar ita ce ba zan iya buɗe littafi idon Ladi yana kan bakina ba. Matan suka yi roƙo har suka gaji, daga baya aka sayo rediyo aka rataye a reshen darbejiyar, ni kuma aka turo mini ƙwaryata. A shekarar na san gyaɗa tana da ƙaya, manyan yatsuna sai da suka yi sati ba sa lanƙwasuwa. Iya ta ce ashe malama ma tana da hannu. Sau ɗaya Ladi ta tare ni a bakin rijiya ta tambaye ni ko wasiƙar nan ta isa. Na ce wa ya sani, direbobin nan, ƙila tana ƙarƙashin kujerar mota har yanzu. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta taya ni ɗaukar tulu.

Na so in gyara, wannan ma gaskiya ne. Nakan ce bari zuciyata ta huce, kaka mai zuwa zan ɗauko shi in ce na sake dubawa, in karanta daidai. Kakar ba ta riski Sale ba. Da damina ta yi tsakiya, gero ya fara fitar da kai, Baffanku Sale ya dawo daga gona da zazzaɓi, kwana huɗu aka kai shi makwancinsa. Ranar da aka share sashensu na ga igiyar da ya fara bai gama ba a rataye jikin zanar. Lokacin takabar Ladi sau uku ina shiga wurinta da littafin a ƙarƙashin mayafi, sau uku ina fitowa da shi. Me zan ce mata? Ga saƙonki, na riƙe shi har mai shi ya tafi? Na tura shi ƙasan adaka, na ci gaba da ba da labarin marubuciyar da ta lalace, har ku ma kuka haddace. Da na sani ƙeya ce, kuma tawa ta yi nauyi.

Bara, bayan an gama girbi, na ce a kai ni Bacirawa, inda Ladi take zaune wurin Rabi tun da ƙafa ta fara ba ta wahala. Kun ɗauka dubiya na je. Na tarar da ita a inuwar baranda tana tsince wake a faifai, ta rame, amma idon nan yana nan. Muka gaisa, muka yi zancen waɗanda suka rasu da waɗanda suka haihu. Da Rabi ta shiga ɗaki na zaro littafin na ajiye a kan tabarma. Koren ya koɗe ya koma kalar ganyen kuka busasshe. Na faɗa mata duka, ban rage ba, shafin farko, da 'yar aikin da na ƙirƙiro, da direban da na ɗora wa laifi. Na ce kishi ne ya sa ni, na mijinta da na sunanta.

Ta daɗe tana juya wake da yatsa.

"Na sani, Yaya. Ban iya karatu ba, amma ina da ido. Takarda biyu kika juya a haɗe, kuma tunda nake jin ki ban taɓa jin muryarki ta yi rawa ba sai ranar."

"To me ya hana ki magana?"

"In ce me? Ke ce mai karatun. In na ce ƙarya kike, wa zai duba mini?" Ta ɗan yi murmushi. "Na sunan ne ban sani ba. Ai da kin karanta, da a take zan ce hannun Yaya ne. Wa zai yarda ni na rubuta? Iya ma dariya za ta yi."

Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba, shekara ashirin da wani abu. Yabon da na hana ta don kada ya wuce ni, ashe a gabana za ta ajiye shi. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun tuni, zama ɗaya ya fi gaban haka. Sannan ta kawar da kai ta dubi katangar gidan.

"Ni ba abin da na rasa. Shi ne dai bai ji ba."

Wannan maganar tata ce ta sa nake rubuta muku. In kun tashi ba da labarin nan nawa, ku ba da shi daidai. Littafin mai koren bango yana cikin adakata, in na tafi na Rabi ne, don zancenta ne a ciki tun ba ta zo duniya ba.

Ladi ta ture faifan gefe ta gyara zama, ta ce in karanta mata. Na sa tabarau na fara daga shafin da na tsallake, na zo kan sunanta, na zo kan gaisuwar mai taɓarya. Sannan na nemo wurin turmin, na mayar da mijin gurbinsa. Da muka zo kan busasshen geron ta yi 'yar dariya ta ce har yanzu dai ba a yayyafa ruwan ba. Na raba takardun nan biyu, sun manne da juna don daɗewa, na fara karanta maganarta. Muryata tana fita ƙasa-ƙasa, ni kaina da ƙyar nake jin ta.

Ta dafa gwiwata.

"Ɗaga murya, Yaya. Da can har bayan zana ake jin ki."